Tambayar da Ban Fassara wa Surukina Ba

Ni ne ɗan bokon dangi, don haka da zazzaɓi ya ƙi sakin surukina, mahaifin matata, sai aka ɗauko shi daga Katsina aka sauke shi gidanmu a Kubwa. Wata biyu yana shan maganin maleriya da na taifot, yana ta ramewa, har hularsa ta fara yi masa yawa. A asibiti aka ɗebi jini, aka yi hoton zuciya, aka ce ƙwayoyin cuta ne suka maƙale a ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyar suna cin ta.

Likitar ba ta jin Hausa, Baba kuma ba ya jin Turanci. Sai na zama tafinta, har da gyara zama, don ina son a ga amfanina.

A rana ta huɗu ta zo da sakamako. Ta ce irin wannan ƙwayar a hanji take zama, kuma sau da yawa idan ta shiga jini, wani ciwo ne a hanjin ya ba ta hanya. Ta ce in tambaye shi ko yana ganin jini a bayan gida, in kuma gaya masa idan ya gama allurai za a zura masa siririyar na'ura mai kyamara ta dubura a duba.

Shekara tara ban taɓa cin abinci a gaban mutumin nan ba. A tsugune nake gaishe shi. Na dubi fuskarsa.

"Baba, wai tana tambaya ko cikinku lafiya."

"Alhamdu lillahi," in ji shi.

Na juya na ce wa likita babu komai. Takardar gwajin kyamarar da ta ba ni kuwa na ninke na sa a aljihu, wai zan ba matata ta yi masa bayani, alhali na san ita ce 'yar fari, kunyarta ta fi tawa. Sai na ce bari ƙaninsa ya zo. Ya zo ya tafi, ban ce uffan ba. Bayan mako shida na allura zazzaɓi ya sauka, Baba ya koma shagonsa. Ana ta sa mini albarka, ni kuma ina amsawa da amin.

Bayan wata goma aka dawo da shi, ciki ya kumbura. Ƙari ne a hanji, har ya kai hanta. Wannan karon likitan Bazazzagi ne, ya yi tambayar kai tsaye, ina tsaye a gefen gado.

"Ai ya fi shekara ina ganin jini," in ji Baba. "Na ɗauka basir ne."

"Me ya sa ba ku faɗa ba wancan zuwan?"

"Ba a tambaye ni ba. Me zan ɓoye wa likita?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau ba ta sake ni ba. Likitan ya buɗe tsohon fayil, ya karanta inda aka rubuta cewa an tambaya, da ta bakin wanda aka samu amsa. Ya ɗago ya dube ni, ya ce ko zan ɗan ba su wuri.

"A'a, bar shi," in ji Baba. "Surukina ne. Duk abin da za ka faɗa, faɗa a gabansa. Shi ya tsaya mini tun farko."