Abin da na tarar cikin akwatin Baba

Ƙanena ne ya fara turo mini bidiyon, a shekarar da aka kai ni koyarwa kolej ɗin Madarunfa. Yana Yamai a lokacin, yana aikin ofis, kuma tun yana ƙarami shi mai son sabon abu ne. A bidiyon, wasu samari na wata ƙasa mai nisa suna riƙe da ɗan akwati kore, bai fi sabulun wanki girma ba, da faifan hasken rana a bayansa. Wai manomi zai danna maɓalli guda, akwatin ya faɗa masa da harshensa ko ruwa zai sauka a kwanaki masu zuwa. Sai dai wannan samfuri ne kawai, ba su ƙera na rabawa ba tukuna. Suna neman jama'a su yi karo-karo ta intanet, in kuɗi sun taru a ƙera, a aika wa duk wanda ya sa hannu.

Na kira shi na ce, "Kai ka taɓa ganin an sayi akuya tun tana cikin uwarta?"

Ya yi dariya. "Yaya, ke dai ba ki yarda da komai. Na riga na sa. Don Baba na yi."

Babanmu hatsi da wake yake nomawa a ƙauyenmu, kan hanyar Safo. Damina ta zo ta wuce, akwati bai iso ba, sai saƙonnin ban haƙuri da hotunan samarin a gaban tebur cike da wayoyin wuta. Sai da bazara ta sake kewayowa ƙanena ya ba direban mota shi, na karɓa a tashar Maraɗi, na hau kabu-kabu na kai wa Baba.

A gindin gawon ƙofar gida muka kunna shi, maƙwabta sun kewaye mu. Baba ya danna maɓallin da ɗan yatsansa a hankali. Muryar mace ta yi sallama, ta ce ba a sa ran ruwa a wannan mako. Baba ya amsa sallamar har ƙarshenta, sannan ya dube ni.

"Wagga ɗiya mutuniyar Kano ce ko? Ji yadda take tauna magana."

Kowa ya yi dariya, ni kuwa hankalina yana wani wuri. Kafin muryar ta fito, akwatin ya yi wani ɗan kiɗa gajere, ya kuma girgiza a hannun Baba. Na san kiɗan nan. Shi tsohuwar salulata take yi in na kunna ta, wadda na riƙe duk zamana na makarantar horon malamai. Da na karɓi akwatin na ji ya ɗauki ɗumi a kusurwa guda, daidai inda waccan take ƙona mini kunne.

Abin ya tsaya mini a rai. Kimiyya nake koyarwa, kuma ba rediyo ɗaya ba, ba biyu ba na kwance a gaban ɗalibaina. Ranar Asabar na roƙi Baba aron akwatin. Ya miƙo mini yana cewa, "Ki dai maido mani ita da ranta."

Da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gidana, na kawo ɗan turnabis, wato sukuddireba, na kwance ƙusoshinsa huɗu. Da murfin ya ɗaga sai ga cikin salula sukutum, an tuɓe mata riga kawai. Ga gurbin lambobi babu maɓallai, ga pus, wato katin layi, a maƙale, ga batir. Har ɗan ƙwan tocila yana nan, yana fuskantar bangon roba da ba a huda ba. Na duba ko'ina ina neman abin da ke auna iska ko laima, ban ga komai ba. Ashe akwatin ba ya jin ƙanshin hadari. Saƙon masu hasashen yanayi yake karɓa ta rezo, wato hanyar sadarwar waya, ya karanta.

Na daɗe zaune ina juya shi. Ban ji haushi ba, mamaki na ji, irin na wanda ya buɗe ƙofa ga baƙo ya tarar da tsohon maƙwabci cikin sabuwar riga. Na ɗauki hoto na tura wa ƙanena. Bai jima ba ya kira.

"To mene ne laifi, Yaya? Amalanken jaki ma da tayar tsohuwar mota ake yin shi."

"Gaskiya ne. Amma mai amalanke bai taɓa ce maka shi ya ƙago taya ba."

"Su ma ba su ce ba."

Na koma na sake kallon bidiyon, na saurara da kyau. Yana da gaskiya, ba su ce ba. Sun dai nuna zane-zane, sun nuna hannu yana liƙa waya da dalma, sun bar mai kallo ya ƙarasa da kansa. Da na shiga Maraɗi na bi layin masu sayar da salula a babbar kasuwa har na sami irinta a rumfar wani, cikin masu araha da ake saya wa tsofaffi. Na roƙe shi na kunna. Kiɗan nan dai ne.

Na mayar wa Baba akwatinsa a ɗaure, na faɗa masa abin da na gani. Na zaci zai ce an cuci yaronsa. Sai ya gyara zama.

"To ita mai maganar, wa ke gaya mata?"

Na yi masa bayanin ma'aikatan da ke duban gajimare ta tauraron ɗan'adam. Ya yi ta tambaya: daga sama suna ganin tafkin Madarunfa? Suna bambanta gonarsa da ta maƙwabcinsa? Na ce tafkin dai suna gani, gonar kuwa ban yi zato ba.

Ya jinjina kai ya ce, "Ashe da mutane bayan abin. Ni da na ɗauka shi kaɗai yake saninsa, shi ya sa nake jin tsoronsa kaɗan."

Daminar nan ya yi ta gwada ta. Wata rana ta ce ruwa gobe, Baba ya dubi gabas ya ce ba alama, ya bar harawa a shanye, ruwa ya zo ya jiƙa ta. Wata rana kuma ta ce ruwa, aka sheƙa shi can garin Gabi, mu ko ɗigo. Maƙwabta suka riƙa tsokanarsa, in sun wuce su ce, "Yau mi baƙuwarka ta ce?"

Shekara ta kewayo, muryar ta ɗauke. Samarin suka sanar cewa kuɗin tafiyar da aikin sun ƙare. Ƙanena ya zo gida hutun sallah yana ta sunkuyar da kai, ya ce zai saya wa Baba wani abu a madadinsa. Na ce ya tsaya tukuna. Tunda salula ce a ciki, mu gani ko za ta tuna aikinta na asali. Muka sa mata sabon pus, muka zafafa ƙusa muka huda robar a gaban ƙwan tocilar. Na kira layin da wayata. Akwatin ya yi ƙara a hannun Baba, ya danna maɓallinsa guda, ya ji muryata ta fito ciki alhali ina tsaye a gabansa. Kira yana shiga, amma ba ya fita, tunda babu lambobin dannawa. Baba ya ce hakan ya fi masa, mai nemansa ya neme shi.

Ƙanena ya tura wa samarin hoton Baba a gona, akwatin rataye a wuyansa. Ɗaya daga cikinsu ya amsa, yana son sanin yadda muka yi, sai ƙanena ya haɗa ni da shi. Na yi masa bayani, sannan na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina: me ya hana su faɗa tun farko cewa salula ce? Ya ce sun yi gardama a kan haka, suka ji tsoron ba wanda zai sa kuɗinsa don tsohon abu. Har yau ban yanke ba ko wannan uzuri ne ko amsa laifi. Ya ƙara da tambayar abin da Baba ya shuka a bana, da ko ya yi kyau. Na ce hatsi ya yi, alhamdu lillahi, wake ne tsutsa ta cinye.