Gwiwar da Fanel Ya Rufe Mini

Yatsuna biyu na hannun dama a karkace suke, kuma duk wanda ya tambaya nakan ce masa dambe ne. Ba ƙarya na yi ba, sai dai ni ban taɓa ɗaure kara a hannu na shiga fage ba. A shagona, gaban kwamfuta, aka karya su.

Shekarun nan aikina a Bagudo shi ne haɗa bidiyon dambe. In kaka ta yi sai in bi fage da kyamara, daga Matsinkai zuwa Lafagu, in dawo shago in zauna gaban kwamfuta. Kowane kisa aikinsa iri ɗaya ne: a rage gudu, a matso da hoto, a maimaita naushin sau uku. Da na gaji da wannan wahala sai na koyi rubuta wa manhajar haɗa bidiyon umarni, na ƙera ɗan akwati mai maɓallai a kan allo wanda muke ce wa fanel. Babban maɓallin na rubuta masa KISA. Dannawa ɗaya, ya yi duk aikin. Na ji kaina ƙwarai, har gani nake duk garin babu mai ƙwaƙwalwata.

Aibinsa ɗaya ne. Fanel na kirki ana jan sa ne ya manne a gefe, ya zauna a gurbinsa kamar sauran tagogin manhajar. Nawa ya ƙi. Sai ya riƙa yawo a kan allo, ya tsaya a kusurwar ƙasa ta hagu ya rufe wani yanki na hoton. Na san gyaran, layi biyu ne kacal na umarni. Kullum cewa nake gobe.

A unguwarmu akwai wani mahauci ɗan dambe, ya girme ni da shekara biyar, Yaya nake ce masa tun ina yawo ba wando. Kaka shida ba a taɓa kashe shi ba. A dambe kuwa ba sai an shimfiɗe mutum ake kisa ba. Gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare. A kakar da nake magana wani dogo ya tsallako daga Benin da makaɗansa, aka haɗa su a Geza. A turmi na uku dogon ya sakar wa Yaya naushi a ƙarƙashin kunne, ya yi taga-taga, ƙura ta tashi, sai ya miƙe da wani mugun naushi da ya fasa wa dogon baki. Dogon ya zube, jini na bin haƙoransa. Alƙali ya ɗaga hannun Yaya, muka yi ta ihu har muryata ta dishe.

Washegari da hantsi na danna KISA, na kalli abin a allona, na ga ya yi kyau, na tura wa mutane a waya. Kafin la'asar ya tsallake iyaka.

A waya babu fanel da zai rufe kusurwa. Kowa ya ga gwiwar Yaya ta hagu ta dafa ƙasa kafin ya yi naushin nan. Maɓallina kuma ya rage gudu, ya matso da ita, ya nuna ta sau uku.

Da aka kwana, ina cin tuwon rana a shago Yaya ya shigo, ko sallama babu, rigarsa duk jinin nama.

"Kai na kay yi wanga aiki?"

"Yaya, zauna mu yi magana."

"Hidda shi! Yanzu!"

Na ce masa ba ya fitowa, yana cikin wayar kowa har Benin. Da nan na tsaya da ƙila mari kawai zan sha. Amma ni ma ina da baƙar zuciya, ga mutane sun taru a bakin ƙofa suna kallo. Sai na ce, "Ni nad durƙusa ko kai?"

Ban ga tahowar hannun ba. Na dai ji bakina ya cika da gishiri, kujera ta kife da ni. Na rarumi kwanon miya na kwaɗa masa a goshi, na zage shi zagin da har yau nake kunyarsa. Ya damƙo wuyan rigata ya buga ni da bango, ya sake bugawa. Da ya juya zai ɗauki kwamfutar sai na kifa a kanta na riƙe tebur. Ya kama yatsun da nake aiki da su ya murɗa baya. Na ji ƙarar kamar an karya kara, na yi kuwwar da ban san ina da ita ba. Sai da maza huɗu suka taru kafin su fitar da shi.

Mai ɗori ya ɗaure hannun da tsinken gora. A sati na biyu, da hannun hagu, na gyara layukan nan biyu. Na ja fanel ɗin, ya manne a gefe lafiya lau. Ko shan shayi ya fi shi daɗewa. Hoton ya fito cikakke, ga gwiwar nan a cikin ƙura. Na zauna ina kallonta, na tsani kaina.

Hannuna ya warke, sunan Yaya bai warke ba. In ya wuce a kasuwa sai samari su riƙa shafa gwiwa suna tari. Makaɗa suka daina kiransa, shi ma bai sake ɗaure kara ba.

Na kusa shekara ina kewaye rumfarsa. Wata ranar kasuwa dai na tsaya, don nama kowa na so. Ga tabon kwanona a goshinsa. Ya kalli yatsuna, ya ci gaba da yanka.

"Da ka gane gwiwar nan tun hwarko, mi za ka yi?"

"Da na ruhe ta da rubutu, Yaya. Wallahi da ba wanda ya gani."

Ya naɗe naman a takarda, ya ƙara tsoka guda, ya miƙo mini ba tare da ya ɗago ba.

"Ko ka ruhe," ya ce, "ni na ji ƙasar ga gwiwata."