Riga Marar Huda

Kanagam tela ce a wani lungu na birnin Chennai a Indiya, tsohuwa mai baki kamar reza, kowa Paati yake ce mata, wato kaka. Ta tsufa a kan keke tana ɗinka wa amare kaya, sai jikarta Thenmozhi ta sauya mata sana'a.

Da ciwon zuciya aka haifi yarinyar. Tana shekara tara zuciyar ta gaza, likitoci suka saka mata ɗan famfo a ƙirji ya riƙe ta kafin a samu wadda za a dasa mata. Waya ta fito ta gefen cikinta zuwa batura, duk rigar da ta sa sai ta danne wayar. Kanagam ta ce ba dai tana raye ba. Ta ɗinka riga mai huda da aljihun batura, ta dangwala mata kurkum kamar yadda ake yi wa kowane sabon kaya, sai asibiti.

Nas Valarmathi ta tare ta. "Paati, kurkum kusa da ciwo? Ba za ta sa ba."

"Ke 'yar nan, tun ba a haifi uwarki ba muke shafa shi!"

"To a shafa a gida, ban da nan."

Kanagam ta koma tana ta sababi, haushinta ɗaya, nas ɗin ta fi ta gaskiya. Ta ɗinka wata, ta yi ɗigon da rawayan zare. Kan ka ce me, iyayen sauran yaran asibitin masu irin wannan wayar sun yi mata layi.

Wata safiya tana yankan yadi Valarmathi ta bugo waya. "Paati, an samu zuciya! Yanzu za a shiga da ita!"

Tsohuwa ta fito titi da almakashi a hannu, takalmi wari guda, tana tare motoci tana ihu. Murna kamar ta kashe ta, ga kuma kuka, don ta san wata uwar ce ta rasa nata ɗan.

Ranar sallama ta kawo sabuwar riga. Thenmozhi ta juya ta, tana laluben gefen ciki.

"Paati, kin manta hudar."

"Ban manta ba, sarkin iyayi."

Valarmathi ta buɗe gwangwanin kurkum ɗin tsohuwa, ta dangwala wa rigar da yatsanta.