Sandar Hokin da Aka Raba Cikin Kayan Noma

Tun ina budurwa abubuwa biyu ne ba a raba ni da su: ƙwallon gora, wadda mu da muka buga ta a makaranta muke kira hoki, da fim ɗin Indiya. Wanda ya ga dama ya yi dariya. An daɗe ana yi mini ita, kuma ban rage ko ɗaya ba.

A filin hoki na haɗu da mijina, a kwalejin horon malamai. Ya maka mini sanda a ƙauri, na zage shi tas, washegari sai ga shi da man zafi ya zo ba da haƙuri. Daga nan aka fara. Muka yi aure, muka zauna a Malumfashi, shi yana koyar da lissafi, ni ina koyar da wasannin motsa jiki.

Duk hutun Kirsimeti ƙauyensu muke tafiya, can bayan Ƙarfi. Kafin mu hau mota sai na biya wurin masu tura fina-finai a bakin tasha, a cika mini memori fal. Da safe, sanyi na cizon yatsu, mu sha koko mu ɗauki sandunanmu mu nufi fagen da ake bugun dawa. Mazan gidan sun kankare wurin, sun share shi, ƙasar ta yi tauri sumul. Allah ya sani, ya fi filin makarantarmu kyau. Mu ajiye duwatsu biyu a matsayin raga, mu yi ta kai da kawowa kafin masu aiki su iso. Masu wucewa da jakuna kan tsaya su ga malami da matarsa suna bin ƙwallo a guje, su girgiza kai, su wuce. Da rana ta take, sai mu shige ɗaki, mu jona ƙaramar talabijin da batirin sola. Shi ba ya kallon fim sai da gardama. Wai ta yaya mutum ɗaya zai doke ƙarti goma gashin kansa bai motsa ba? Da an fara waƙa kuma sai barci ya kwashe shi, ni ina gefe ina share hawaye.

Sandata nakan koma da ita Malumfashi saboda aiki. Tasa kuwa, tun da gwiwa ta hana shi shiga wasa da ɗalibai, a ƙauye yake barin ta, a bayan ƙofar ɗakinmu, kusa da fartanyarsa.

Ya rasu da damina. Ciwon kwana huɗu ne, ba wanda ya yi zaton na tafiya ne.

A gidansu, in namiji ya mutu, da an tashi daga zaman makoki dattawa ke zama su raba kayansa. Tufafi na ƙanne ne da 'ya'yan 'yan'uwa. Kayan noma ba sa barin gida, suna komawa hannun babban wa, tun da gonar ta gandu ce. Kayan ɗaki na matar ne da 'ya'yanta. To, mu Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma ba zan tsaya yin bayani a kan wannan ba, wanda na yi wa dangi ya ishe ni. Ranar rabon ina cikin mata a ƙuryar ɗaki, idona ya kumbura, ko sunana ban sani ba balle abin da ake fitarwa.

Da Disamba ta zo, da yawa sun ɗauka ba zan je ba. Na je. Gidan mijina ne, kuma uwarsa tana nan da ranta, tsohuwar da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Na cika memorina kamar kullum, na ɗaure sandata a jikin jaka, na hau mota. Ina shiga ɗakin, ko mayafi ban cire ba, na leƙa bayan ƙofa. Wayam.

Na fito na sami surukata tana tsince shinkafa a tsakar gida.

"Mama, ina sandarsa da ke bayan ƙofa?"

"Wace sanda, 'yar nan?"

"Mai lanƙwasa. Ta wasa."

"Af, wannan? Ai tana wurin yayanku. An haɗa masa da fartanya da lauje. Sandar bugun dawa ce, in ji shi."

Sandar bugu! Sandar da mutumin nan yake shafa wa mai da tsumma, wadda ko ni ba ya bari in buga dutse da ita, ita ce aka jefa cikin kayan noma don kawai an gan ta a tanƙware kusa da fartanya. Na ce, "Mama, ba ta bugu ba ce. Ki gaya masa ina son ta." Ta dube ni da tausayi, ta ce za ta faɗa. Da yamma ta kawo mini amsa: abin da dattawa suka raba ya rabu.

Wan mijina mutum ne mai shiru, dattijon coci, noma kawai ya sani. Shekarun da na yi a gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba. In zan gaishe shi sai na durƙusa, in ce Yaya, shi kuma ya ce Malama, shi ke nan zancenmu. Ban taɓa roƙonsa ko allura ba.

Kwanakin da suka biyo baya na yi abin da na saba. Da safe in je fage ni kaɗai, in tura ƙwallo zuwa wancan gefe, in taka in ɗauko ta, in sake turawa. Ba daɗi, amma ban fasa ba. Da rana in kunna fim. Matan zumuntar coci suka riƙa zuwa yi mini sannu, sun shirya fuskar jaje tun daga waje, sai su tarar ana tiƙar rawa a kan dutse a talabijin. Wata ta kasa haƙuri ta ce, "Malama, ko shekara bai yi ba fa." Na ce, "Na fi ki sanin lissafin, ni ce nake kwana da shi." Na gyara mata tabarma na ce ta zauna ta ga yadda za a ƙare. Ba ta zauna ba. Na san an yi ta gulmata a bakin rijiya, ko a jikina. Su a ganinsu makoki shi ne a ɗaure fuska a zauna. Ni kuwa in an fara waƙa na waiwaya ban ga mai barci a gefena ba, abin da nake ji ba wadda za ta ɗaukar mini shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sautin. Fagen ba shi da nisa da ɗakina. Da hantsi maza su fara bugu, tim, tim, tim, sai in ji wani sauti daban a tsakiya, mai kauri, gajere. Na san shi. Shekara da shekaru ina jin sa a bayana a fili. Sai in ƙara muryar talabijin, amma a banza.

Ranar Kirsimeti na ɗaura ankon zumunta, na je sujada, na yi waƙa da bakina. Muka dawo muka zuba shinkafa da nama a kwanuka aka kai wa maƙwabtanmu Musulmi, kamar yadda su ma suke aiko mana da Sallah. Da na ga Yaya ya zauna a zaure shi kaɗai, na je na durƙusa.

"Yaya, barka da Kirsimeti."

"Barka kadai, Malama. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Yaya, maganar sandar nan ce."

"Yau ranar murna ce," in ji shi. "A bar wannan zance."

Na bari, don ranar ce. Amma ina miƙewa na san ba zan bar ƙauyen ba sai da ita.

Kwana biyu bayan haka aka koma bugu. Gayya ce, maza shida, har da wani Malam maƙwabcinsu da ba ya rasa aikin gidan. Mata ba sa zuwa fage sai an gama, sannan su zo da faifai su yi shiƙa. Ban jira an gama ba. Tun da safe na shiga bayan gari na sari reshe mai kauri, na fere shi, sandar bugu ta gaske. Na sa wandon wasa, na ɗaura zane a kai, na fito. Mama ta ce, "'Yar nan, ina za ki?" Na ce, "Yanzu zan dawo."

Suna ganina bugun ya tsaya. Na durƙusa na ce sannunku da aiki, suka amsa a ciki-ciki. Ban jira an ba ni izini ba na miƙe, na ajiye reshen a gaban Yaya.

"Ga sandar bugu. Ka ba ni ta mijina."

"Malama, nan ba wurin mata ba ne yanzu."

"Na fi kowa a nan sanin wurin nan, Yaya. Kafin ku zo kullum ni nake fara taka shi."

Wani ƙanensu ya ce, "Haba, ke kuwa! A gaban mutane?" Na ce masa ya riƙe bakinsa, rigar da ke wuyansa ma na san ranar da aka ɗinka ta. Ba na alfahari da wannan maganar, amma na faɗe ta.

Yaya ya ce, "Dattawa sun raba. In kowa zai dawo ya warware abin da aka ƙulla, ba gida ke nan." Sannan ya ƙara, "Kuma in kin karɓa, wa za ki bar wa?"

Kai! Wannan ta shige ni har ƙashi. Ban san lokacin da na kama kan sandar ba, wurin lanƙwasar, duk ƙaiƙayi ya manne mata, gefenta ya fara tsagewa. Na ce, "Ba wanda zan bar wa. Tawa ce har in mutu, in na mutu ku yi bugu da ita." Na ja, ya riƙe. Ni da ko idonsa ban taɓa kallo ba, ga ni muna ja-in-ja da shi a kan tarin zangarniya. Malam ya ce, "Subhanallahi," ya yafito sauran, suka ja baya can gindin ɗorawa suka juya mana baya.

Sai Yaya ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji.

"Kina tsammani ban san ko mece ce ba?"

Na tsaya da ja, amma ban saki ba.

"Ni na kai shi tasha a kan keke ranar da zai koma makaranta da ita. A bayana ya zauna, tana zungurina a haƙarƙari har muka isa." Ya ci gaba, "Da aka fito da kaya, riguna na yara ne. Fartanyar nan kuwa, ke ma kin sani, sau nawa ya riƙe ta? Ba hannunsa a jikinta. Wannan ce kawai. In na ce wa dattawa ina son abin wasa, da furfurata, me za su ce? Sai na ce ta bugu ce."

Ya ɗan sassauta yatsunsa ya nuna mini mariƙin. Robar tayar keke ce mijina ya naɗa, ta sha hannu har ta lotsa a wurin babban yatsa. A cikin lotsawar nan Yaya ya sa nasa yatsan.

"Ban iya wasanku ba, Malama. In ba da sunan aiki ba, da wane dalili zan riƙe ta?"

Hawaye suka zubo mini, ban share ba. Na tausaya masa, Allah ya sani na tausaya masa, irin tausayin da ban taɓa yi wa wani namiji ba. Na ga tsoho ne da aka ɗauke wa ƙane, ya rasa inda zai kai kukansa sai fagen dawa. Da a fim ne, a nan zan saki, a sa kiɗa, kowa ya yi kuka. Ban saki ba.

Na ce, "Yaya, kai in ka yi dariya muryarsa ce take fitowa. Kana da Mama. Ɗanka na biyu tafiyarsa yake yi sak. Gidan nan duk shi ne, ko'ina ka juya. Ni in na koma Malumfashi na rufe ƙofa, me nake da shi?"

Ya daɗe yana kallon mariƙin. Sai na ji nauyin sandar ya dawo hannuna gaba ɗaya.

Ban yi godiya ba, don da na buɗe baki kuka ne zai fito. Na rungume ta na juya. Da na kai bakin hanya na waiwaya sau ɗaya. Yana tsaye a inda na bar shi, a tsakiyar dawa, hannuwansa biyu a sake, bai san abin da zai yi da su ba.

Na san abin da na ɗauke wa mutumin nan a ranar, ba wanda zai gaya mini. Yakan faɗo mini a rai, ya hana ni cin abinci. Amma ban mayar ba, kuma ba zan mayar ba.