Maganin Barcin Saje

Turawa ba su daɗe da kama ƙasa ba na shiga soja. Ba sha'awa ce ta kai ni ba. Fara ce ta cinye mana gero a gonarmu ta bayan Dutse, ga iyali, sai na tafi Kano aka aske min kai, aka ba ni kaki da jar hula.

Da bazara aka turo mu yankinmu, wai mutanen wasu ƙauyuka tsakanin Dutse da Kiyawa suna shirin tashi su yi hijira gabas don guje wa Turawa, mu tare musu hanya. Mu kaɗan ne, aikin kuwa na mutane da yawa. Da rana tafiya, da dare gadi, gari na wayewa a sake saɓa bindiga. Tun muna ƙorafi har bakin ya mutu. Sai ka ga mutum da lomar tuwo a hannu, ido a rufe, ƙuda na bin leɓensa bai sani ba. Ni kaina na sha ganin duwatsun Dutse suna motsi kamar shanu sun miƙe daga kwance.

Mun samo dabararmu. In ana tafiya, na baya ya riƙe ɗamarar na gaba ya rufe ido, ƙafa na aiki, kai na hutawa. In an jima a canza. Wanda ya koya mana wani dattijo ne a cikinmu, ɗan gidan malamai daga Garki, shi ke ja mana salla. Muna kiransa Malam. Ya girme mu nesa, gajiyar ta fi cin sa.

Sajenmu kuwa da nasa maganin. Kullum kafin magariba sai ya jera masu gadi, ya cika baki da goro da taba da kanwa, ya tattauna har jan yawu ya riƙa zubo masa a gemu. Sai ya tofa a tafin hannu, ya barbaɗa garin barkono, ya cuɗa da yatsa. Da yatsan nan yake sosa duk inda ya ga dama a jikinsa. Ya kama haɓarka, ya gwale maka ido, ya shafa. Zafin ba shi ya fi damuna ba. Ɗumin yawun ne, da warin bakinsa a fuskata, da ɓarɓashin goron da nake cirewa daga gashin ido washegari. Duk wanda ya goge, bulala. Baturen da ke shugabantarmu ya gani da idonsa, ya yi dariya, ya koma tantinsa. Shi in yana ƙailula ko tari ba a yarda ka yi a kusa ba.

Wata rana bayan azahar muka sauka gindin wata tsamiya kusa da Kiyawa, aka sa Malam tsaron dokin Bature. Yana tsaye barci ya ɗauke shi, bindigar ta sulluɓe ta faɗi. Saje ya taso.

"Malam, barci kake?"

"Ranka ya daɗe, ƙaddara ce. Idona ya yi ciwo tun jiya, a yi min bulala amma a bar idon."

"Au, kai ne za ka zaɓa?"

Ya sa aka danne shi, ya tofa sabo, ya ninka barkonon, ya cusa masa a idon da ya riga ya yi jawur. Malam bai yi ihu ba, salati kawai yake. Saje ya goge hannu a gemun dattijon, ya koma ya ci gaba da cin ƙosansa bai ko wanke ba. Na juya bayan tsamiyar na amayar da duk abin da ke cikina.

Kafin a je ko'ina idon Malam ya kumbura ya rufe, ruwa mai wari na tsiyaya, ƙudaje sun mai da fuskarsa gida. Yanzu shi ke riƙe ɗamarata, ba don barci ba. Da safe in jiƙa tsumma da ruwan ɗumi in ɓamɓare masa ɓawon. Da aka ga ya zama kaya, sai aka karɓe kakin da hular, aka ajiye shi a zauren wani malami a Kiyawa, daga shi sai wando.

Ƙauyukan da muka zo tarewa kuwa, da muka isa sai muka tarar da rumbuna a buɗe, kaji ne kawai ke yawo. Mutanen sun wuce tuni, da tsofaffinsu da awakinsu, ta gefen inda muke gadi. Ta yaya za mu gan su? Ido a cike da hawaye, ba ma ganin ko bakin bindigarmu. Bature ya yi ta faɗa, Saje ya ce laifin barci ne, ya ƙara barkono.

Wa'adina na cika na ajiye kakin, na dawo gona. Bayan girbi na ɗauki dabino na je Kiyawa duba Malam. Ido ɗaya ya mutu, ɗayan yana ganin inuwa. Yana zaune a zauren yana biya wa magidanta karatu da ka. Ya gane muryata, ya tambayi iyali, ya tambayi sauran abokanmu ɗaya bayan ɗaya. Saje ne kaɗai bai tambaya ba, ni ma ban gaya masa an ƙara masa girma, an ɗinka masa wata igiya a hannun riga ba.