Ganye a Cikin Kwalbar Alewa

Ɗakin da nake haya a Nima taga ɗaya gare shi, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Duk abin da na shuka a gwangwani sai ya yi fari ya mutu.

Wata Asabar na raka yayata kasuwar Madina sayen atamfa. A bakin titi na ga mai sayar da furanni ya tura wata 'yar shuka ƙarƙashin teburinsa. Ganyenta kore shar, da jajayen jijiyoyi kamar an yi musu ɗinki da zare.

"Wannan ba ta son rana, 'yar'uwa," in ji shi. "Inuwa take so da laima. Ki sa ta a kwalba ki rufe."

A cinya na riƙo ta cikin trotro, motar haya, har gida. Na roƙi mahaifiyata babbar kwalbar da take sayar da alewa a ciki a da. Na wanke ta, na zuba tsakuwa, na daka gawayi na barbaɗa, na bi da baƙar ƙasa. Bakin kwalbar ya yi wa hannuna kaɗan, da cokali na yi dashen. A hankali na gane halinta: idan gumi ya rufe gilashin har ban ganin ganye, sai in ɗaga murfin ta sha iska.

Da kawuna ya rasu na tafi Tamale, na kuma daɗe fiye da yadda na yi niyya. Tun a motar dawowa na haƙura da shukar. Ina buɗe ƙofa na tarar ta cika kwalbar, sababbin ganye har murfi, raɓa na gangarowa ta ciki tana komawa ƙasa.

Ko jaka ban kwance ba na fito da ita tsakar gida. Hajiya mai gidan ta bar wanki ta matso.

"'Yata, wa ya ba ta ruwa?"

"Ba kowa, Hajiya. Ɗakin a kulle yake."

"Ikon Allah! Kai, hannunki na da albarka."

Ranar bakina bai rufu ba don murna. Yanzu matan layinmu kan kawo mini kwalaben zuma da na man gyaɗa, in yanki reshe da reza in dasa musu. Telan bakin kwata ma ya ajiye tasa kwalbar kusa da keken ɗinki, duk wanda ya tambaya sai ya nuna masa ƙofar gidanmu.