Saƙon Mma Zuwa Gonar Inabi a Verona

TALATA: BRONX

Ƙarfe shida saura kwata na safe, bayan sallar asuba, mu uku ne a falona da ke Concourse Village: ni, da matata Rabi, da maƙwabcinmu Malam Issaka, mutumin Maraɗi mai tuƙa tasi. Ta huɗunmu tana cikin waya, wato mahaifiyata, Mma, daga Kumasi. Ita ta ce a kira Malam Issaka ya zama shaida.

Ga dalilin zaman. Autanmu Awudu ya bi ta Libiya ya shiga Italiya, ya samu aiki a wata gona kusa da birnin Verona. Ya gaya wa Mma aikinsa yankan inabi ne da shanya shi, ita kuma ta gaya wa duk zangon Kumasi cewa ɗanta zabibi yake yi. Sai wani da ya dawo daga Italiya ta'aziyya ya ce, a gaban mutane, babu mai yin zabibi a yankin nan, ƙasar giya ce. Da aka tambayi Awudu a waya, ya rantse cewa yanka yake yi da shanya kawai. Ni ne babba, ni ne kuma mai fasfon da ke shiga ba biza, don haka aka ce in je in gani.

Mma ta ce, "Salisu, buɗe kunnenka. In zabibi ne, ka ce na sa masa albarka. In giya ce, ka ce ya bar wurin a ranar. In ya ƙi, ka ce ban yafe nonon da ya sha ba. Maimaita."

Na maimaita. Rabi ta tashi ta shige kicin.

Da azahar Malam Issaka ya ɗauke ni zuwa filin jirgi. Muna kan gada ya ce, "Alhaji, in ka tarar giyar ce, walahi za ka iya faɗin wannan magana?"

Na ce, "An aike ni."

"Bon. Allah ya sa zabibi ne. Ka taho mini da kilo guda."

Ban yi dariya ba. Jirgi ya tashi da yamma.

LARABA: MILANO ZUWA VERONA

Mun yi kusan awa takwas a sama, muka sauka Milano da safe. Jami'in shige da fice ya tambayi abin da ya kawo ni, na ce ziyarar ɗan'uwa, ya buga hatimi. Wani kuma ya buɗe jakata ya ga garin rogo da yajin da Rabi ta ƙulla wa Awudu, ya shinshina yajin, ya yi atishawa, ya ce in wuce.

Daga nan jirgin ƙasa biyu: ɗaya zuwa tsakiyar Milano, ɗaya zuwa Verona, tafiyar kusan awa biyu. Masu niyyar zuwa su lura, sayen tikiti bai isa ba, sai ka cusa shi cikin wani ƙaramin inji a bakin dandamali ya buga masa lokaci, in ba haka ba tara ce. Wani Basenegale ne ya ja hannuna ya nuna mini.

Na kama ɗaki kusa da tasha, yuro hamsin da biyar, babu lif, sai hawan matakala. Na kira Awudu. Sai a kira na uku ya ɗaga.

"Yaya, sannu da zuwa. Ba zan iya fitowa ba, ana yankan inabi, an ce ruwa na tafe. Gobe ka hau bas ta farko, zan tarbe ka."

"Ka san abin da ya kawo ni?"

"Sai goben, Yaya." Ya kashe.

Zaman ɗaki ya gagare ni, na fita. Verona tsohon birni ne, kogi ya yi masa lanƙwasa kamar gwiwar hannu, gidajensa na jan bulo da dutse, lungunansa ƙunci. A tsakiya akwai wani ƙaton filin kallo na dutse da Rumawa suka gina, an ce ya kusa shekara dubu biyu. Na biya yuro goma na shiga, na hau matakalansa har sama. Aiki ne na mutanen da suka san tsari: kujeru jere bisa jere, ƙofofi a zagaye, ta yadda dubban mutane za su fita ba turereniya. Da a wata tafiyar ce, da na wuni a wurin.

Amma daga saman nan idona ya faɗa kan dandalin da ke ƙasa. Tebura ne cike da mutane da rana tsaka, kowane tebur da kofin giya na gilashi, wani ja, wani launin ruwan lemo, har tsofaffin mata. Na sauko na shiga shaguna uku ina neman zabibin garin. A na ukun aka miƙo mini ƙunshi. Na juya bayansa, na ga daga Turkiyya aka kawo shi. Na ajiye.

Na ci shinkafa da kaza a shagon wani Bapakistane, yuro bakwai. Rabinta kawai na ci, na bar saura.

ALHAMIS: GONA

Bas ta tashi shida da rabi, ta yi arewa, minti arba'in. Tuddai ne a jere, kowane tudu an shata shi da layukan inabi kamar kitso. Awudu yana jirana a bakin hanya da keke. Shekara shida rabona da shi. Ya rame, hannayensa sun rine baƙi-baƙi har wuyan hannu. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ɗaga shi.

Ban samu damar tambaya ko ɗaya ba. Hadari ya haɗu a kan tuddai, mai gonar, wani dattijo mai suna Bepi, yana tsaye kan tarakta yana ihu. Awudu ya ce inabin da aka riga aka yanka yana cikin akwatuna a tsakanin layuka, in ruwa ya taɓa shi zai yi funfuna, aikin shekara ya lalace. Ya jefar da keken ya ruga. Na ga mace mai furfura tana ɗaukar akwati tana haki. Ban iya tsayawa kallo ba, na cire kwat na rataya a jikin itace, na kama.

Muna ɗora wa tarakta akwatunan, tana kaiwa gida, muna hawa da su wani dogon bene mai tagogi a buɗe ta ko'ina. Can na ga abin da Awudu ya faɗa. Shimfiɗun gora ne hawa-hawa har rufi, an jera inabi a kai nono-nono, wato curi-curi, ɗaya ba ya taɓa ɗaya, fankoki na kaɗawa. Na makon jiya ya fara yanƙwanewa. Awudu ya ɗaga wani nono a hankali, ya sa almakashi ya cire ƙwaya biyu da suka fashe, ya ce haka zai riƙa bi yana dubawa har cikin hunturu. Na ɗanɗana ƙwaya ɗaya. Zabibi ne sak, zaƙi kamar zuma.

Wallahi ƙirjina ya yi sanyi. Na dafa kafaɗarsa, saura kaɗan in isar da albarkar Mma a nan take. Abin da ya hana ni shi ne ya ƙi haɗa ido da ni.

Ruwa ya sauko bayan akwatin ƙarshe ya shiga. Bepi ya zo jiƙe, ya rungume ni, ya riƙe hannuna yana ta magana, ya ja ni zuwa wata ƙofa. Awudu ya ce, "Yaya, yana so ya girmama ka."

Matakala ce ta sauka ƙarƙashin ƙasa. Warin ya riga hasken isowa gare ni. Gangunan katako ne, wasu sun fi ni tsawo, a kwance layi biyu. Bepi ya buɗe ɗaya, ya tsiyayo abu baƙi-ja a kofi, ya ɗaga shi da alfahari.

Na ce, "Awudu, fassara."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Ya ce wannan inabin da aka shanya ne shekara uku baya. In ya bushe sai a matse shi. Ya ce babu giyar da ta kai ta tsada a ƙasar nan."

Na ɗora hannu a ƙirji na girgiza kai. Bepi bai ji haushi ba. Ya nuna Awudu da yatsa, ya faɗi wani abu, na ce a fassara wannan ma. Wai tun zuwan Awudu bai taɓa taka matakalar nan ba sai yau.

Muka fito muka tsaya ƙarƙashin rumfar tarakta, ruwa na dukan kwano.

"Ban yi wa Mma ƙarya ba, Yaya. Yanka nake yi, shanya nake yi."

"Ka san inda yake ƙarewa?"

"Na sani."

"To me ya zaunar da kai?"

Ya ce takardar zamansa za ta ƙare a watan Fabrairu, kuma ba a sabunta ta sai da kwantiragin aiki. Kafin Bepi, ya yi tsinkar tumatir a kudu, yana kwana a kango, babu wanda ya taɓa rubuta sunansa a takarda. In ya bar gonar yau, can zai koma, ko a kama shi.

Sai ya goge hannayensa a wando ya gyara tsayuwa. "Faɗi saƙon, Yaya. Na san da shi ka zo."

Kalmomin suna bakina, na haddace su tsaf. Na sani in sun fita ba sa komawa. Na ce, "Tukuna. Wadda ta aike ni za ta fara jin abin da na gani."

Bayan la'asar na kira Kumasi ta bidiyo. Na ce, "Mma, zan faɗa a jere, kada ki katse ni. Na ɗaya, shanyar gaskiya ce, na gani. Na biyu, ƙarshenta giya ce, na gani. Na uku, ba ya sha, ba ya matsa. Na huɗu, in ya bari yau takardarsa ta mutu. Na biyar, ni ma yau na ɗauki inabin nan da hannuna."

"Kai ma?"

"Ban sani ba lokacin, Mma."

"Shi fa?"

"Shi ya sani."

Ina jin kukan akuya a bayanta.

"Juya wayar in gan shi."

Na juya. Awudu ya durƙusa a kan laka. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Awudu, ina naman jikinka?"

Kuka ya ci ƙarfinsa.

"Salisu."

"Na'am, Mma."

"Ka faɗa masa?"

"Ban faɗa ba."

"To riƙe shi a bakinka. Ban janye ba, ban kuma ce ka faɗa ba. Na ba shi zuwa ganin watan azumi. In watan ya tsaya yana wurin nan, ka kira shi ka isar. Kai ne babba, ka nema masa mafita." Ta kashe.

JUMA'A DA ASABAR: KOMAWA

Na yi Juma'a a Verona, a wani sito da aka mai da shi masallaci. Na tambayi mutanen Gana biyu da na gani game da aiki, suka ce sai da wanda zai tsaya maka. Asabar na bi hanyar da na zo, na sauka New York da yamma. Malam Issaka ya dubi fuskata a madubi, bai tambaye ni komai ba har ƙofar gida. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Rabi, da shi Malam Issaka, da Basenegalen da ban san sunansa ba.

Tun daga ranar nake kwana nake tashi da maganar uwa a bakina, kuma ba na son in faɗe ta. Don haka na rubuta wannan. Kai mai karatu, in kana da ɗan'uwa a Brescia ko Vicenza ko Modena da ke aiki a masana'anta ko gidan burodi, inda ake ba da kwantiragi, ka kira shi yau, kada ka bari sai gobe. Awudu yana jin Italiyanci, ba ya makara, ba ya faɗa. In an samu, ka same ni a shagon da nake gadi a Fordham Road, ko ka tare ni bayan sallar Juma'a. Don Allah kafin azumi.